Abokin Bugun Muzammilu

A duk Bagudo babu mai cin ni a wasan ƙwallo na PS, har ranar da Muzammilu, ɗan ƙanen babana, ya dawo daga Benin da tasa na'urar. Tun daga nan kullum sai ya lallasa ni a shagon wasa, yara suna ihu suna kiran sunansa. Kamar ya san inda zan danna kafin in danna. Abin ya tsaya mini a rai.

Na ce lallai wani ke koya masa. Bayan sallar isha'i na laɓaɓa bayan ɗakinsa.

Unguwar babu wuta, ban kuma ji ƙarar janareta ba, amma hasken talabijin yana fitowa ta ƙasan ƙofa. Wurin sai warin laka, irin ta bakin kogi. Na leƙa ta taga.

Su biyu ne a kan tabarma, shi da wani baƙo, sun ba ni baya. Baƙon ya ɗauki ƙungiyar da nake ɗauka, yana karkata kafaɗa yadda nake yi. Da aka ci shi, ya yi tsaki ya ce, “Wallahi sa'a ce!”

Muryata ce.

Muzammilu bai juyo ba. Baƙon ne ya juyo a hankali, sanye da hular da na nema na rasa tun ranar kasuwa. Ya miƙo mini abin bugun ta taga, yana ɗigar ruwa.

“Amshi,” in ji shi. “Ni ma na gaji da shan kashi a madadinka.”