Daɓen Gidan Jian

An yi bikin auren Jian Hui-ru da Lu Cheng-en ranar Asabar a garin Jiufen, cikin tsohon gidan dutse mai rufin kwalta inda kakan amarya ya yi sana'ar narkar da zinare. Ana ruwa, kamar kullum.

Bara ne Cheng-en, ma'aikacin duba tsofaffin gine-gine, ya fara shiga gidan. Hui-ru, mai sayar da dafaffen gwaza a ƙofa, ta same shi durƙushe yana ƙwanƙwasa katakon daɓe da ƙaramar guduma, kunnensa a ƙasa.

"Kai mai guduma, me ka yar?"

"Gara nake saurare."

"Me ta ce maka?"

"Ta ce in dawo gobe."

Ya dawo, ya kuma ci gaba da dawowa.

An daɗe ana raɗe-raɗin cewa kakan ya ɓoye zinare ƙarƙashin daɓen. Samari biyu sun taɓa neman Hui-ru, dukansu kuma hirarsu ta ƙare a kan daɓen.

"Na uku har da guduma ya zo," in ji mahaifinta, tsoho Jian.

"A-pa, gara yake nema."

"Mai ruwan zinare ko?"

Tsohon ya hana Cheng-en shiga. Hui-ru ta tura saƙo: "Mai Guduma, A-pa ya ce daɓen kake so, ba ni ba. Ni ma ina son in sani."

Amsa ta zo: "A-Ru tawa, ba ni kwana goma."

Ba ta sake rubuta masa ba.

Rana ta goma Cheng-en ya tsaya a bakin ƙofa, takarda cikin rigarsa, ya kira tsohon A-peh, wato baffa.

"A-peh, in ka buga hatiminka a nan, gidan zai shiga jerin gine-ginen tarihi. Daga ranar ba mai haƙa daɓen nan. Ba ni ba, ba 'ya'yana ba."

Tsohon ya karanta sau biyu. "Har ni?"

"Har kai."

"In zinaren na nan fa?"

"Ya yi ta barcinsa."

Tsohon ya ɗauko hatimi ya buga. "Shigo, duk ka jiƙe. A-Ru, zuba masa gwaza."

Ta zuba, ta ƙara ludayi ɗaya ba tare da ta dube shi ba.

Ranar biki tsohon ya haɗa hannuwansu ya ce su tsufa tare kamar gidan, aka sha shayi a kan daɓen. Har yanzu ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashinsa.