Kazar Roba a Aji Huɗu

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a garin Duluth. Tana da wayo, tana kuma da rawar kai. In ta ga abin dariya, ba ta iya barinsa a inda ta gan shi.

Wata Juma'a dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, aka rufe makarantu. Mamanta makanikiya ce a garejin da ake gyaran motocin share ƙanƙara. Babu wanda za ta bar wa yarinyar, sai ta tafi da ita wurin aiki.

A garejin suna da wata al'ada. Kowace Juma'a, lokacin shan kofi, sai a rubuta tambayar wasa ƙwaƙwalwa a allo. Wanda ya kasa amsawa, a rataya masa kazar roba a wuya. Kazar rawaya ce, ba ko gashi. In an matsa ta sai ta yi ƙiiik!

Tambayar ranar ita ce: wani mutum zai haye kogi da kerkeci da akuya da kabeji. Kwalekwalensa abu ɗaya yake ɗauka bayan shi. In ya bar kerkeci da akuya, akuya ta tafi. In ya bar akuya da kabeji, kabeji ya tafi. Yaya zai yi?

Wani dattijon makanike mai suna Mista Duane ya sosa sanƙonsa. Ya ce, "Ni dai sai in cinye kabejin, in rungumi akuyata, kerkeci kuma ya koyi iyo!"

Kowa ya fashe da dariya. Aka rataya masa kaza. Ya turo ƙirji yana taku ɗai-ɗai. "Ku ba ni hanya, ubangidan kaji zai wuce!"

Yarinyar ta yi dariya har cikinta ya ƙulle. Ita ma ba ta san amsar ba. A mota Mama ta gaya mata.

Ran Litinin yarinyar ta ɗauki kazar robar da karensu ke wasa da ita, ta cusa a jakar makaranta.

Babbar ƙawarta ita ce Marisol. Kullum tare suke zama a bas. Marisol ba ta son a zuba mata ido. In aka taru a kanta, sai magana ta maƙale mata. Yarinyar ta fi kowa sanin haka.

Lokacin cin abinci ta hau kan benci. "Ku zo ku ji! Marisol za ta amsa tambaya!"

Yara suka kewaye su. Ta faɗi tambayar da ƙarfi. Marisol ta buɗe baki, ta rufe.

"Lokaci ya ƙare!" Yarinyar ta rataya mata kazar, ta matsa. Ƙiiik!

"Kaza! Kaza!" in ji yara.

Yarinyar tana jira Marisol ta turo ƙirji kamar Mista Duane. Amma Marisol ta cire kazar a hankali. Ta bar abincinta, ta fita idonta cike da ƙwalla.

Da aka tashi, Marisol ta zauna can gaba a bas, kusa da direba. Washegari ma haka. Duk inda ta wuce, sai wani ya yi kukan kaza. Malamarsu, Misis Kowalski, ta kira Mama a waya.

"Mama, wasa ne fa," in ji yarinyar. "Irin na wurin aikinku."

Mama ta ajiye cokali. "Kin san wa ya sayo kazar garejinmu?"

"A'a."

"Mista Duane ne. Shi ya ƙirƙiro wasan, shi ya fara rataya ta a wuyansa. Kuma ba ma saka wa sabon ma'aikaci sai in ya ce yana so. Marisol ta ce tana so?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"To ke fa, 'yata? Ke kika gano amsar?"

Kunya ta rufe yarinyar. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tuna idon Marisol cike da ƙwalla. Ko taliyar da take so ba ta iya ci ba.

Da safe ta nemi izini wurin Misis Kowalski. Ta tsaya gaban aji. Sai yanzu ta san yadda ake ji in ido ya yi wa mutum yawa.

Ta ce, "Ni ma ban iya tambayar nan ba. Mamata ce ta gaya mini amsa. Marisol, na ci zarafinki, kuma na san ba ki son taro. Ki yi haƙuri."

Ta ciro kazar, ta rataya a wuyanta. "Mai neman kaza, ga ta nan."

Marisol ba ta ɗago kai ba.

Haka yarinyar ta wuni da kaza a wuya. Wasu suka yi mata kukan kaza. Ya yi mata zafi, amma ba ta cire ba.

A bas ta zauna ita kaɗai, tana kallon taga. Can sai ta ji an zauna kusa da ita.

"Akuyar zai fara kaiwa," in ji Marisol a hankali. "In ya kai kerkecin, sai ya dawo da ita. Ya kai kabejin, sannan ya koma ya ɗauko ta. Tun ranar na gano, a banɗaki. Da kin ba ni lokaci, da na faɗa."

"Na sani. Laifina ne."

Marisol ta dube ta, ta dubi kazar. "Gaskiya, kazar ta fi yi miki kyau."

Ta miƙa hannu ta matsa. Ƙiiik! Suka tuntsire da dariya su biyu, har direba ya leƙo ta madubi.

Tun daga ranar yarinyar ta gane abu ɗaya. Wasa ba ya zama wasa sai wanda ake yi da shi yana dariya shi ma.