Taunannen Fensiri

Auta ta zaro fensirin Bahago daga cikin gwangwani.

Ɗakin zane ya kaure da ihu.

"Na wa ta ɗauko? Na wa?"

"Dubi gindinsa mana! Wa ke taune fensiri kamar ɓera in ba Bahago ba?"

"Wayyo Allah! Yau akwai kallo!"

Auta ta tsaya da fensirin a hannu. Ba ta waiwaya ba, amma ta san inda yake. Yana can bakin taga ta ƙarshe, inda ya saba zama tun suna ɗalibai, don kada gwiwar hannunsa na hagu ta riƙa bugun ta maƙwabcinsa.

Taron shekara ne na tsofaffin ɗaliban makarantar koyon zane. An gama jawabai. An sake zaɓen shugaba, an yi gardama a kan rufin da ke yoyo, an sha lemo. Saura abin da kowa ya zo dominsa.

Malam, tsohon malaminsu na zane, shi ne ya kafa shi tun kafin a haifi wasunsu. Rabin mutane su jefa fensiransu cikin tsohon gwangwanin fenti. Sauran su sa hannu su zaro ba tare da sun leƙa ba. Wanda ka zaro nasa, shi za ka zauna gabansa, ka zana shi, ya zana ka.

Sakatariyar ƙungiya ce ke riƙe da gwangwanin. 'Yar ajinsu ce, ta sha kwalliya kamar ita ake biki. Fuskarta ta canza nan take.

"A sake," in ji ta. "Ni ya kamata in fara ɗauka. Auta ta yi mini shigar sauri."

Malam ya buga sandarsa a ƙasa. Ya tsufa, bayansa ya ranƙwafa, amma muryar tana nan.

"Ba a sakewa."

"Amma Malam..."

"Na ce ba a sakewa. Kowa ya nemi kujera."

Aka ja kujeru biyu-biyu, suna fuskantar juna. Kowa ya ɗora allo a cinya, ya danne takarda. Ɗakin bai sauya ba. Warin fenti da kananzir, ɗigon launi a siminti, da tsohon kan mutum na farar ƙasa wanda hancinsa ya gutsure, yana nan a kan kabad.

Bahago ya zo ya zauna gabanta.

Ya ƙara faɗin kafaɗa. Ya ajiye gemu. Akwai shuɗin fenti a ƙarƙashin farcensa, irin wanda sabulu ba ya fitarwa.

Ta miƙa masa nata fensirin, haka dokar take. Yatsunsu ba su taɓa juna ba, amma ta ji kamar sun taɓa.

"Auta."

"Na'am."

"Kin zo."

"Malam ne ya kira ni da kansa. Ya ce bana zai ajiye aiki."

"Ni ma shi ya kira ni."

Malam ya sake buga sanda.

"Kun san doka. Ido a kan mutum. Hannu a kan takarda. Ba a kallon ƙasa. Ba a ɗaga fensiri. Wanda ya ɗaga ya gama, ya tashi ya ba mu wuri. Ku fara!"

Auta ta ɗora bakin fensiri a takarda.

Sai ta ɗago kai.

Rabonta da kallon idon nan tun ranar da ya zo gidansu da sabuwar riga. Mahaifinsu ya riga ya rasu, Yaya ne babba. Yaya ya bar shi tsaye a falo, ko kujera bai nuna masa ba. Ya ce ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da ke hawa tsani yana shafa wa mutane fenti a bango ba. Auta tana bakin labule. Bahago ya juyo ya dube ta. Ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Shi ke nan. Ya fita.

Yanzu babu sunkuyawa. Malam na yawo da sanda a bayansu.

Ta fara daga girarsa ta hagu.

"Layinki zai karkace," ya ce a hankali.

"Ina ruwanka da layina?"

"Fuskata ce."

"Da ma can a karkace take."

Ya danne dariya. Gefen bakinsa ya motsa yadda yake motsawa a da, fensirinta ya bi wurin ba tare da ta sa shi ba.

A gefensu Sakatariya ta faɗa hannun Lukuti, mai zanen barkwanci a jarida. Ya cika kujera ya tumbatsa.

"Sakatariya, ni ake kallo!" in ji shi da ƙarfi. "Ga fuska har da ƙari, kina leƙen ta wasu!"

Aka kwashe da dariya. Babu wanda ya juya.

"An ce kina zana hotunan littattafan yara," in ji Bahago.

"An faɗa maka daidai. Kai fa? Har yanzu tsani?"

"Har yanzu. Sai dai yanzu tsanin nawa ne. Da shago, da ma'aikata."

"Madalla. Iyali fa?"

"Wane iyali?"

Fensirinta ya tsaya cak a kan hancinsa. Ba ta ɗaga ba.

"Matarka mana."

"Auta, ban taɓa aure ba."

"Kada ka raina mini hankali!"

"Wallahi ban taɓa ba. Ke ce dai aka ce..."

"Aka ce me?"

"An ce an sa miki rana da wani likita. An ce kin ce in dai zan zo taron nan, ke ba za ki taka ƙofar ba. Shi ya sa na daina zuwa. Don ki samu ki riƙa ganin ƙawayenki."

Auta ta zaro ido.

"Ni aka ce wa ka ce kada in zo! Wai matarka ba ta son jin sunana!"

"Wa ya faɗa miki?"

"Kai wa ya faɗa maka?"

Duk wani saƙon taro ta hannun mutum ɗaya yake bi.

Auta ta so ta juya. Wuyanta har ya fara motsi. Sandar Malam ta taɓa ƙafar kujerarta.

"Ido a kan mutum."

Ta tsayar da idonta cikin na Bahago, ta ɗaga murya.

"Sakatariya!"

Sakatariya ta ci gaba da zanenta.

"Sakatariya, da ke nake! Ina matar Bahago? Yaya sunanta? A wane gida take?"

"Ni ma ina son ganin likitan nan," in ji Bahago. "Ko allura ce ya yi mini."

Ɗakin ya yi tsit. Sai ƙarar fensira a kan takarda. Kunne kuwa duk ya dawo nan.

"Ni abin da na ji na faɗa," in ji Sakatariya.

"A bakin wa?"

"Ba dole ne in..."

"Jama'a, tana gumi!" Lukuti ya sanar. "Ni ke kallonta, ni zan ba ku labari. Hodar ma ta fara gudu!"

"Kai Lukuti, Allah ya shirye ka!"

Kujera ta yi ƙara. Allo ya faɗi. Takalma masu tsini suka nufi ƙofa da sauri.

"Ta ɗaga!" in ji Lukuti. "Malam, ta ɗaga! Ta bar ni da rabin kai!"

Dariya ta ɓarke har da masu buga ƙafa. Auta ba ta yi ba. Idonta ya cika. Hawaye ya gangaro, ba ta da hannun sharewa, ɗaya na riƙe da allo, ɗaya na kan takarda.

"Kada ki yi kuka, Autata."

"Kada ka kira ni haka..."

"Me zan kira ki? Ba ni da wani sunan."

"Shekara da shekaru! Ko sau ɗaya ba ka neme ni ba!"

"Na dube ki ran nan. Kin sunkuya."

"Tsoro na ji."

"Na sani. Da kin ɗago sau ɗaya, da Yaya ya gaji da korata."

Ta haɗiye kuka. Fensirinta ya sauko kan gemunsa, ya yi ta zagaye a wuri ɗaya.

"Gemun nan bai yi maka kyau ba."

"Gobe zan aske."

"Ban ce ka aske ba."

Yanzu kam ya yi dariya sosai, allonsa na girgiza.

"In tambaye ki, hasken idona?"

"Ka dai tambaya."

"Hannunki ya daɗe cikin gwangwanin nan."

"Fensiran ne da yawa."

"Auta."

"Sa'a ce kawai."

"Auta..."

Ta ciji leɓe. Ta tuna yadda yatsunta suka bi fensiran ɗaya bayan ɗaya, masu santsi, masu sabon fiƙi, har suka faɗa kan mai shaidar haƙori. Ta tuna yadda ta damƙe shi kamar za a ƙwace.

"To, na lalube shi! Sai me? Wa ya ce ka riƙa cin fensiri kamar ba a ba ka abinci?"

"Na daina tuntuni. Wannan jiya na zauna na taune shi. Saboda ke."

"Kai! Maƙaryaci!"

"Haƙorina har yanzu ciwo yake."

"Sun shirya!" Lukuti ya yi shela. "Jama'a, ni ba ni da abin yi, su nake kallo. Wallahi sun shirya!"

Tafi ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Sai aka hau buga ƙafa a siminti, ana ihu, ana kiran sunayensu. Malam bai hana ba. Ya juya baya yana gyara kan farar ƙasar nan da ba ya buƙatar gyara.

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe da ƙarfi.

Auta ta san takun. Yaya ne. Shi ya kawo ta, ya ce zai jira a mota, kada ta daɗe. Ƙamshin turaren Sakatariya ya biyo shi. Ita ta je ta kira shi.

"Auta!"

Kanta ya fara yin ƙasa da kansa, yadda ya saba tun tana yarinya.

"Ina nan," in ji Bahago, can ƙasa-ƙasa. "Dube ni kawai."

Ta tsayar da kan.

"Abin da ya kawo ki ke nan?" Yaya ya tsaya a kanta, mukullin mota na kaɗawa a hannunsa. "Ki zauna kina zuba wa namiji ido a gaban jama'a?"

"Darasi ne, ɗana," in ji Malam. "A ɗakin nan ni ke cewa a tashi."

"Baba, da girmanka. Wannan maganar gida ce."

"To ka kai ta gida. Nan aji ne."

Yaya ya juya kan Bahago.

"Kai kuma, ban gaya maka ba tun wancan karon?"

"Ka gaya mini, Yaya. Ina wuni?" Idon Bahago bai bar fuskar Auta ba, hannunsa na hagu bai daina tafiya ba. "Ka yi haƙuri ban tashi na gaishe ka ba, doka ce. Gobe zan zo gida in gaishe ka yadda ya kamata."

"Wane gidan?"

"Naka. Ko ka ba ni kujera, ko in tsaya. Na iya tsayuwa, sana'ata ce."

"Tare za mu zo," in ji Malam. "Ni dai za ka ba ni kujera. Ƙafata ba ta da kyau."

Wani ya tuntsire da dariya, ya toshe baki.

Yaya ya sassauta murya. Wannan ta fi tsawar tsoratar da ita.

"Auta, ni na riƙe ki tun rasuwar Baba. Ni na kawo ki makarantar nan da kowa ya ce ɓata lokaci ce. Ban taɓa so miki wahala ba."

"Na sani, Yaya." Ba ta juyo ba. "Ban manta ba. Ba kuma zan manta ba."

"To dube ni."

Fensirinta ya iso idon Bahago. Nan ne wuri mafi wuya. Ba ta san abin da ke kan takardar ba. Wataƙila hanci na kan goshi, kunne na kan wuya. Haka zanen nan yake fita kullum, kowa ya gani ya yi dariya. Layi ɗaya ne dai tun daga farko, bai yanke ba.

"Ina sonsa, Yaya. Tun wancan lokacin. Ranar ce ban iya faɗa ba."

"Idan na fita, ki nemi mai kai ki gida."

"Ga motata!" in ji Lukuti.

"Ga tawa!"

"Tawa ta fi sanyi!"

"Ni da babur na zo, amma ina da mai!"

Malam ya buga sanda, aka yi shiru. Sakatariya ta lallaɓa ta ɗauki jakarta. Babu wanda ya tanka mata.

Yaya ya dubi ɗakin. Ya dubi ƙanwarsa, wadda bai taɓa kira sau biyu ba. Hawaye na bin kumatunta, tana murmushi, idonta na kan mai shafa wa mutane bango.

"Magana ta ƙarshe, Auta. Ajiye fensirin nan ki tashi."

Ta ƙara danna shi a kan takarda.

"A'a, Yaya. Ba zan tashi ba."