Karen da Ba Shi da Hanci

Kare ne ya fara ganin Nives, ba Dorijan ba. Shi Dorijan ƙasa kawai ya gani, domin karensa Lisko ya fizgi igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa, ya kifar da shi a bakin dajin Motovun, daidai ƙafafun wata yarinya mai jan ɗankwali.

"Kai ke fita da shi, ko shi ke fita da kai?" ta tambaya.

"Likita ne ya haɗa mu," ya ce yana haki.

Direban bas ne. Zama ya tara masa teɓa, ga ciwon zuciya ya ɗauke mahaifinsa tun gashinsa bai yi furfura ba. Likita ya ce ko ya motsa jiki, ko ya bi uban. Ni dai likitan da ya taɓa faɗa mini haka, da ni aka ɗauki akwatin gawarsa, amma ba kowa aka gina irina ba.

Kullum da sassafe sai gudu a hanyar dajin, kullum kuma sai Nives ta sami dalilin tsayuwa a bakin shinge. Bel ya fara yi masa yawa, waya ta fara yin zafi.

"Sarkin haki, yau ban ji ƙarar faɗuwarka ba. Lafiya?"

"Na faɗi tun ranar farko, zuciyata, har yanzu ban tashi ba."

Matsalar ita ce mahaifinta, Barba Silvano (Barba muke ce wa dattijo), mai neman tartuf, wato naman kazan nan mai tsada da ke ɓuya a ƙarƙashin ƙasa, wanda kare kaɗai ke shinshino shi. A wurinmu mutum ya gwammace ya nuna maka kabarinsa da ya nuna maka gindin bishiyarsa. Sai Mauro, ɗan maƙwabcinsu da ya daɗe yana son Nives, ya hura wuta.

"Barba, ina ka taɓa ganin ƙato da kare a daji da asuba, wai gudu? Wurarenka yake haddacewa. 'Yarka kuwa tsani ce."

Silvano ya tare Dorijan a hanya da sanda. "Ɗan samari, in na sake ganin ka da wannan dabbar a nan, kai da 'yata sai a mafarki."

"Barba, lafiyata nake nema."

"Neme ta a titi!"

Dorijan ya koma titi. Motoci suka firgita Lisko, kwalta ta kumbura masa gwiwa, ya daina gudun, bel ya fara komawa gidan jiya. Ana cikin haka aka tarar an tone gindin wata bishiyar Silvano, da sawun kare a wurin.

"Dorijan, gaya mini gaskiya. Ni kake so ko dajin Baba?"

Ya karanta saƙon Nives, kamar ya haɗiye zuciya. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta: "Karen nan ko naman da ke kwanonsa sai na nuna masa da yatsa."

Da abin duniya ya ishe shi, sai ya zo wurina, inda duk mai hankali ke zuwa. Ban taɓa zama a aji ba, amma na ci yunwa, na ga yaƙi, kuma ba a yi mini ƙarya a kan kare. Na dubi Lisko na ce wa Dorijan, "Kai wa Silvano shi, ya gwada shi da hannunsa."

Ranar Lahadi Silvano ya binne tartuf a bayan gidansa, maƙwabta na kallo. Aka saki Lisko. Ya zagaya, ya zagaya, ya zo daidai wurin, ya zauna a kai ya sosa kunne. Sannan ya ɗauko tsohon takalmin Silvano ya ajiye masa a gaba, yana kaɗa wutsiya, wai a zo a yi gudu.

Dariya ta ɓarke. Karyar Mauro kuwa, da ya taho da ita don alfahari, ta ƙwace ta tone wurin kafin a ƙifta ido. Silvano ya dubi sawunta, sak wanda aka gani a gindin bishiyarsa, ya dubi Mauro. Mauro ya tuna yana da aiki a gida.

Dorijan ya yi ajiyar zuciya. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

"Wannan kare ne ko tunkiya?" Silvano ya ce. "In ba da 'yata ga mai wannan abin kunyar? Me za a ce da ni a gari?"

"Haba Barba! To yaya zan yi?"

Nives ta fito, ta karɓi igiyar ta ɗaura a ƙugunta. "Baba, jiya ka ƙi shi don karensa na da hanci, yau don ba shi da shi. Zaɓi ɗaya. Kuma shi kaɗai ne surukin da zai yi shekara hamsin a dajinka bai san inda komai yake ba."

Silvano ya murza gashin baki. "Hanyar bakin rafi kawai zai bi," ya ce.

"Ka yafe mini, Sarkin haki," ta raɗa masa.

"Sai kin rigaye ni zuwa gada."

Da kaka aka ɗaura aure. Aka ci taliya da tartuf ɗin Silvano, aka juye giya, ni kuma na gajiyar da samarin garin a filin rawa. Kwat ɗin ango sai da tela ya rage shi.

Yanzu in ka fita da sassafe za ka gan su a bakin rafi, Lisko a gaba, su biyu a baya, can nesa kuma Silvano na tafe yana haki yana zagin kare, wai gadin dajinsa yake yi.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuciya mai ƙarfi, ya ja kwanansu ko da rabin nawa ne.