Kofaton Motar Ya'u

Shekarar ƙarin albashin Udoji na sayi mota sabuwa fil, na kafe ta ƙarƙashin rumfa a gidana na bakin iyaka, nan Jibiya. Ba mata, ba ɗa, ba inda nake zuwa sai masallacin Juma'a. Amma cikin wata uku tayoyin nan huɗu suka suɗe kamar tafin hannu.

Abu mai faci ya shafa su, ya ce, "Malam Ya'u, wagga mota dutse ta sha, ba kwalta ba."

Daren nan na barbaɗa toka kewaye da ita, na zauna cikin duhu. Gab da asuba na ji warin kanwa da gumin jaki. Wani tsoho mai rawani ya fito daga motar yana kaɗe ƙura.

"Kai ne mai dabbar ga?" Muryarsa kamar daga cikin rijiya. "Tana da haƙuri, amma kofatonta ba shi jure hanyar Azbin. Gidanka bisa tsohon zangon ayarinmu yake. Kullum muna ganinka kai ɗai. Akwai wuri gaba."

Ya taka tokar, ya buɗe mini ƙofa. Na duba ƙasa, ko sawu ɗaya babu.