Ɗaki na Huɗu

Sufeto bai gama ajiye hularsa a kan tebur ba wayar ofis ta yi ƙara. An tsinci gawa a kwatar da ke bayan layin tsofaffin gidaje. Ya kira Saje suka shiga mota.

Lungu ne matsattse, bayan gidaje ta kowane ɓangare, babu ƙofa ko ɗaya. Mamacin dattijo ne siriri, yana kwance rubda ciki, ƙeyarsa a fashe. Wayarsa na aljihu, agogonsa na hannu, don haka ba aikin ɓarawo ba ne. Ɗaya aljihun cike yake da guntayen alli. A ɗamararsa kuma akwai 'yar jakar fata, babu komai a ciki.

"Mai Alli ne, Yallaɓai," in ji Saje. "Mai kimanta gidaje na ofishin haraji. Jakar nan ta tef ɗin awonsa ce. Ko banɗaki da shi yake shiga."

"To yau ga shi ya tafi babu shi. A nemo mini tef ɗin."

Wadda ta kai rahoton tana tsaye a gefe, wata tela ce, guntayen zare duk sun manne mata a hannun riga.

"Kin san shi?"

"Jiya ya auna gidanmu. Ya ce yau zai dawo."

"Me ya rage masa?"

Ta ce, "Ya ce tun yana sabon ma'aikaci ya taɓa auna gidan. Wai wata mata mai keken ɗinki ta ba shi ruwa a ɗakin ƙurya. Na ce mahaifiyata ce, amma ta gudu ta bar ni tun ina ƙarama. Sai ya dube ni ya ce, ɗakin ma tare suka gudu?"

"Ɗaki nawa gare ku?"

"Uku. Shi kuwa ya rantse huɗu ya sani." Ta ɗago kai. "Yallaɓai, a gidanmu ba a ambaton sunanta. Shi ne mutum na farko da ya taɓa ce mini tana da kirki."

Maganar ta tsaya wa Sufeto a rai har suka isa ofishin haraji. A can suka sami abokin aikin mamacin zaune a gaban teburin da babu kowa, ya zuba wa kujerar ido.

"Yaya kuke kimanta gida?" in ji Sufeto.

"Mu duba rufi, mu duba daɓe, mu ga ko akwai ruwa da wuta, mu ga unguwar. Amma babban abin shi ne girma da yawan ɗakuna. Sai mu auna ta waje, mu shiga mu auna ta ciki, mu cire kaurin bango. Dole lissafin ya haɗu."

"In bai haɗu ba fa?"

"An ɓoye ɗaki ke nan. Ai ba sabon abu ba ne. Mutum ya toshe ƙofa da bulo, ya shafa fenti, ya zo yana mana dariya. Marigayi bai taɓa faɗa da kowa a kan wannan ba. Sai ya ƙwanƙwasa bango da gidan tef ɗinsa, ya ji inda ya yi amo, ya ce a janye masa wadirob."

"Don me wadirob?"

"Yallaɓai, wanda ya ɓoye ɗaki don haraji mu yake ɓoye wa, ba kansa ba. Kullum sai ya bar hanyar shiga, ko bayan wadirob, ko ta silin, ko ta banɗaki. Wa zai gina ɗaki ya hana kansa?"

Kafin su fita ya ƙara musu abu ɗaya. In Mai Alli ya gama da gida yakan ja layi biyu da alli a gefen ƙofa. In kuwa zai dawo, da'ira yake zanawa.

Suka bi layin a ƙafa. Kowace ƙofa da layinta biyu, har suka zo gidan su telar. Nan babu layi babu da'ira, sai wani wuri a jikin bango da aka wanke tas, ya fi sauran haske.

Sufeto mutum ne da ba ya son gidan da ya cika shiru, wannan kuwa har ya wuce misali. Falon a share yake, babu hoto ko ɗaya. Keken telar na jingine da bangon ƙurya. Mahaifinta, tsohon direban babbar mota, yana zaune da sanda tsakanin ƙafafunsa, idanunsa sun yi fari.

"Baba, mai kimanta gidaje ya zo nan jiya?"

"Babu wanda ya zo."

"'Yarka ta ce ya zo."

"To ko ina barci."

"Ɗaki nawa ne a gidan nan?"

"Uku. Tun ranar da aka gina shi uku ne."

Saje ya tafi ya auna da igiya, ta waje da ta ciki. Ya dawo ya raɗa wa Sufeto cewa faɗin ɗaki guda cur ya yi ɓatan dabo a bayan bangon da keken yake. Suka janye keken da wadirob, suka leƙa silin, suka duba banɗaki. Babu hanya, ko ta ɓera.

Sufeto ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Amon ya shiga can ciki ya daɗe bai mutu ba. Da ya ɗora tafinsa, sanyi ya ji, alhali rana na dukan gidan.

"Kullum haka yake," in ji telar. "Ban san dalili ba, amma a nan kaɗai nake iya ɗinki."

Sufeto ya juya ga tsohon. "Baba, ba harajinka ya kawo ni ba. Mutum aka kashe. Wa ya toshe ɗakin nan?"

Tsohon ya murza kan sandarsa.

"Ƙanena ne. Magini ne, tare muke zaune. Na yi wata doguwar tafiya, na dawo na tarar matata ta gudu da wani. Shi ya gan su da idonsa. Ya ce ya toshe ɗakinta don kada in riƙa gani raina na ɓaci, ga shi kuma haraji zai ragu. Na gode masa. Maƙwabta ma cewa suka yi ya yi dabara."

"Bai bar hanyar shiga ba?"

"Me zan shiga in yi a ɗakin maciya amana?"

Telar ta sunkuyar da kai. Da gani ta saba jin wannan kalmar.

Ana cikin haka maginin ya shigo, ƙaƙƙarfan dattijo mai furfura, jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya gaishe su da fara'a, amma da ya ga an janye keken daga bango fara'ar ta bushe a fuskarsa.

"Ina kake da sassafe?" in ji Sufeto.

"Wurin aiki, Yallaɓai. Tun duhu na fita."

"Wa ya wanke bangon ƙofa?"

"Ni ne. Yara sun yi zane."

"Me ke cikin ɗakin nan?"

"Tarkace. Tsofaffin katakai."

"Madalla. To fasa mana mu gani, tunda kai ka toshe."

"Ai bangon na ɗauke da rufi. In an taɓa, gidan zai zube."

"Ba rushe bangon za a yi ba, kafa kawai za a huda. Saje, karɓi gudumarsa."

Saje ya zare gudumar daga jakar, ya tsaya daidai tsakiyar bangon ya ɗaga ta sama. Maginin ya yi wuf ya riƙe masa hannu.

"Ba ta nan ba! Bulon zai faɗo mata!"

Telar ta juyo ta dube shi.

"Zai faɗo wa wa, Baffa?" in ji telar, murya ƙasa ƙasa.

Maginin ya zauna daɓas a ƙasa. Sufeto ya zazzage jakar. Cikin cokalin gini da igiya sai ga tef ɗin awo mai tambarin ofishin haraji, da busasshen jini a gefensa. Gudumar ma an wanke ta, amma ba a wanke ramin ƙotar ba.

"Na so in jefar," in ji maginin. "Hannuna ya ƙi. Tef ne mai kyau."

"Fara daga farko."

"Ni na nemi matar Yaya, shi ba ya nan. Ta ƙi, ta ce za ta gaya masa. Na ture ta, kanta ya bugi ƙarfen keken. Wallahi ban yi nufin kisa ba. Na kwantar da ita a gindin bangon nan, na kai yarinya maƙwabta, na kawo bulo. Babu wanda ya tambaye ni, kowa toshe ɗaki yake a lokacin."

"Mai Alli fa?"

"Na same shi a lungu yana ƙwanƙwasa inda tagar ɗakin take a da. Na roƙe shi ya rubuta huɗu ko biyar, duk abin da ya ga dama, ya tafi. Ya ce shi bai taɓa ganin ɗakin da babu hanyar shiga ba, yau sai ya kira hukuma. Ya juya zai tafi."

Tsohon ya miƙe yana laluben iska da sanda. "Kai ka ce mini ka gan su. Kai ka riƙe ni ina tsine mata."

"Ni ne, Yaya."

Saje ya sa masa ankwa. Sufeto ya ce ya nuna inda za a fasa, ya nuna can gefe, inda ƙofar take a da. Sannan aka fita da shi zuwa mota, bai waiwaya ba.

Suka cire bulon ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwar iska ta fito, mai ƙura da sanyi. Sufeto ya haska tocila. Abin da ya rage na matar yana kwance a gindin bango cikin zane, ya yi sauri ya tare telar da jikinsa don kada ta gani. Amma ta riga ta hango wani abu ta saman kafaɗarsa.

Keken ɗinki ne, an tura shi jikin bangon, daidai bayan inda nata yake tsayawa. A ƙarƙashin allurar akwai 'yar rigar yarinya, hannu ɗaya a ɗinke, ɗayan ba a gama ba.

A doka, ba a taɓa komai sai likita da mai hoto sun zo. Sufeto ya san wannan sarai. Ya matsa gefe kaɗan ya bar ta ta miƙa hannu, ta shafa rigar da ɗan yatsa.

"Me kike gani?" in ji tsohon daga falo. "Gaya mini, ni ba na gani."

"Rigata take ɗinkawa, Baba," in ji ta. "Ba ta tafi ko'ina ba."

Tsohon ya saki sandar ta faɗi. Ya lalubo bakin ƙofar da aka buɗe, ya durƙusa a kan ɓaraguzan bulo, ya kira matarsa da sunanta. Ranar ce 'yarsa ta fara jin sunan a bakinsa.