Kwana Huɗu a Shekara

Akwai mai zaton in ya leƙo sau ɗaya a shekara ya cika alkawari. Nazir irinsu ne.

A unguwar Château Rouge ta Paris ya fara ganin Zaituna, cikin shagon atamfa, tana ciniki da Hausar Damagaram. Ma'aikaciyar jinya ce a Lyon, suna zaune a Rillieux, gefen birnin, ita da mahaifiyarta. Wata shida da fara soyayyarsu ya samu aiki a Doha.

Yana da katin zama na shekara goma na ƙasar da ya baro, kuma in mutum ya daɗe a waje katin mutuwa yake. Don haka duk shekara sai ya sauka Paris kwana huɗu, ya adana tikitinsa don shaida. Bai taɓa taka Lyon ba. Ita ke hawa jirgin ƙasa ta same shi.

Sauran watanni sai saƙo: "Zumata, ƙara haƙuri. Baɗi zan zo gaida Mama."

A bas take karantawa in ta tashi aiki, ta kife wayar, ta zuba wa taga ido.

"Shekara uku, ko muryarsa ban sani ba," in ji mahaifiyarta.

Kamalu, mai aiki a kantin magani a unguwar Guillotière ta Lyon, shi ke kawo wa tsohuwar maganin hawan jini. Ko lif ya lalace, da ƙafa yake hawa bene tara, ya zauna a gaisa. Ran nan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Zaituna, ban iya daɗin baki ba. Amma Asabar ina nan, Talata ma ina nan."

Ta yi masa godiyar magani, suka yi sallama.

A zuwan Nazir na huɗu ta roƙe shi a tasha. "Mu je Lyon, awa biyu ce kawai."

"Chérie, jibi zan tashi. Tunda na shigo ai kati ya tsira."

"Don shi ka zo?"

"Don ku biyu mana."

Ta koma ita kaɗai, kujerar gefenta ba kowa. Kafin jirgi ya iso Lyon ta rubuta wa Kamalu: "Ka turo manya."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Tsohuwa ta haɗa hannayensu ta ce, "Allah ya bar ku tare, 'ya'yana."

Nazir kuwa katinsa na nan da rai. Ya rasa Zaituna, ya rasa albarkar surukar da bai taɓa gaidawa ba, kuma yanzu in ya sauka Paris babu mai taryarsa.